Balbela ta ƙone, dinya ta zama inuwa: yadda ake saita haske a bakin ruwa

Tambaya: Ina da kyamarar DSLR da lensi 150-600mm, kuma nakan je Nguru da Baturiya lokacin sanyi don ɗaukar tsuntsayen ruwa. Matsalata ita ce balbela tana fitowa fari fat, ba a ganin gashinta, dinya kuma baƙi ƙirin kamar inuwa. Hotunan asuba duk dishi-dishi, na ranar hazo kuma a koɗe. Wane saiti ya kamata in riƙa sawa?

Amsa: Ɗan'uwa, lafiyar kyamararka ƙalau, kuma babu wani saiti guda da zan rubuta maka ka riƙe ya yi maka aiki daga asuba zuwa magariba. Abubuwa huɗun da ka lissafa, biyu na farko tushensu ɗaya ne, don haka a kansu zan fi daɗewa.

Mitar hasken da ke cikin kyamara ba ta san balbela ba, ba ta san dinya ba. Abin da aka gina ta a kai shi ne ta dubi duk abin da ke gabanta ta mai da shi matsakaici, ruwan toka, tsakanin fari da baƙi. A yawancin hotunan yau da kullum wannan lissafi yana faɗawa daidai. Bakin ruwa kuwa wuri ne da yake rikita ta. Ka ɗauki balbela guda tsaye a gaban duhuwar kacalla, irin wadda ta cika magudanan ruwan Hadeja da Nguru. Kusan duk hoton duhu ne, tsuntsuwar 'yar mitsitsiya ce a tsakiya. Mita za ta ga duhu ya yi yawa, ta ƙara haske don kacallar ta fito, ita kuwa balbelar da dama rana ke dukanta sai ta ƙone. Dinya a kan ruwan da ke walƙiya, ko tana tafiya a sararin da hazo ya mai da fari, akasin haka ne: mita ta ga haske ya yi yawa, ta rage, tsuntsuwar da dama baƙa ce ta nutse gaba ɗaya. A duka biyun mita ta auna bayan tsuntsu ne, kai kuma tsuntsun ka zo ɗauka.

Maganin gaggawa shi ne maɓallin nan mai alamar +/-. Farin tsuntsu a gaban duhu, ka ja shi ƙasa, daga -1 zuwa -2, gwargwadon ƙanƙantar tsuntsun a cikin hoton da ƙarfin rana. Baƙin tsuntsu a kan ruwa mai ƙyalli ko farin sama, ka tura shi sama, +1 zuwa +2. Kowane mataki ɗaya ninki biyu ne na haske, ko rabinsa, don haka -2 na nufin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mita ta so bayarwa. Kada yawan ya ba ka tsoro.

Akwai hali na uku da yake kayar da mutane da yawa, har da waɗanda suka daɗe a harkar. Balbela tana tashi a farin sararin hazo. Mutum ya riga ya haddace cewa farin tsuntsu ragi ake yi masa, sai ya ja zuwa -1, hoto ya fito da balbela mai launin toka kamar ta yi wanka a murhu. A nan ai komai fari ne, mita ta riga ta rage da kanta, ta ma wuce gona da iri. Ƙari ake yi, +1 ko sama da haka. Launin tsuntsu kaɗai ba ya gaya maka inda za ka juya maɓalli. Sai ka haɗa da abin da ya cika sauran hoton.

To amma maɓallin +/- yana da iyaka, kuma a bakin ruwa da wuri ake isa iyakar. Garken kirinjijiya ya tashi daga tudun yashi. A daƙiƙa ta farko bayansu ruwa ne mai haske, ta biyu kacalla mai duhu, ta uku sama. Hasken da ke sauka a jikin tsuntsayen bai canja ba ko kaɗan, rana ɗaya ce ke dukansu, amma mita za ta ba da amsa uku daban-daban, kuma babu ɗan yatsan da zai iya bin ta da gyara. Shi ya sa kafin in taɓa komai a jikin kyamara nake tambayar kaina: yau me ke sauyawa, hasken da ke kan tsuntsu, ko abin da ke bayansa?

Idan haske a tsaye yake, bayan tsuntsu ne ke sauyawa, ka koma M gaba ɗaya, wato saitin da kai ke sa komai da kanka, ISO ma, lambar ƙarfin jin hasken kyamara, ka sa shi da hannunka. Ka nemi abu mafi fari a wurin, balbela ko farin gashin cikin dinya, ka ɗauki gwaji, ka rage har farin ya daina ƙonewa, ka bar shi a nan. Daga nan duk inda tsuntsu ya bi, hotonsa zai fito iri ɗaya. Wannan shi ne halin da ake ciki a yawancin ranakun rani daga hantsi zuwa la'asar, da kuma ranar da hazo ya rufe sama ruf. In kana son wurin farawa a rana tsaka mai ƙarfi, tsohon lissafin masu hoto yana nan: a f/16, wato lambar faɗin ƙofar lensi, saurin ƙiftawar kyamara ya yi daidai da lambar ISO, misali 1/400 na daƙiƙa a ISO 400. In ka mai da shi abin da ya dace da tsuntsu, ya zama ISO 400, f/8, 1/1600. Wannan na tsuntsu mai matsakaicin launi ne, irin su zalɓe. Farin tsuntsu a wannan rana yana son ka rage kusan mataki ɗaya, wato 1/3200 a ISO 400, ko ka bar 1/1600 ka sauko ISO 200. Gwaji ne zai tabbatar, amma ba za ka yi nisa da waɗannan lambobi ba.

Idan kuwa hasken ne kansa ke gudu, kamar rabin sa'ar farko bayan fitowar rana, ko ranar damina da gajimare ke rufe rana yana buɗewa, to cikakken M zai wahalar da kai. A nan sai ka sa saurin ƙiftawa da ƙofar lensi da hannunka, ka bar ISO a Auto, ka riƙa gyara da +/-. Abu ɗaya za ka duba: tsofaffin Canon irin su 600D da 7D na farko ba sa yarda da +/- idan kana M da Auto ISO. Mai irin wannan kyamara ya yi amfani da saitin Tv, inda sauri kawai ake sawa da hannu, ya sa saurin da yake so, kyamara za ta buɗe ƙofar lensi ta ɗaga ISO da kanta, kuma maɓallin zai yi aiki.

Sai yadda za ka san fari ya ƙone. Allon bayan kyamara ba abin amincewa ba ne. Da asuba yana nuna maka hoto tas alhali ya yi duhu, da rana kuma komai a kansa duhu ne sai ka ƙara hasken da bai kamata ba. Ka shiga saitin duba hotuna ka kunna gargaɗin nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa. Masu kyamarar Sony da makamantansu marasa madubi suna da zane-zanen da ke bayyana tun kafin a danna. Ka kunna histogiram ma, zanen da ke nuna rabon hasken hoto daga baƙi a hagu zuwa fari a dama, amma ka san cewa ƙaramin tsuntsu ba ya cika bayyana a cikinsa, ɗan ɗigo ne a can gefen dama, shi ya sa ƙyaftawar ta fi amfani. Kuma ba kowace ƙyaftawa ce abin damuwa ba. Taurarin hasken da ke rawa a kan ruwa dole su ƙone, hoton rana ne a madubi, in ka ce sai ka cece su komai zai zama baƙi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ƙyaftawa a gadon bayan tsuntsu, ko kafaɗar fiffike, ko farar fuskar kirinjijiya. Gashin balbela kamar aikin farin zare ne a kan farar shadda: yana nan da zanensa, amma da zarar haske ya wuce kima sai ya shafe, kuma abin da ya shafe babu kwamfutar da za ta dawo da shi.

Ƙarin abu biyu a kan wannan. Da safe da yamma, lokacin da rana ta yi ja, jan launi ne ke fara ƙonewa kafin kore da shuɗi, kuma histogiram mai launi ɗaya ba lallai ya nuna ba. Ka buɗe mai launi uku ka dubi jan. Na biyu, ka ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, maimakon JPEG, hoton da ta riga ta gama haɗawa. JPEG bit 8 ne, RAW 12 ko 14, wato RAW ya fi riƙe bayanan haske, kuma gargaɗin da kyamara ke nunawa daga ɗan JPEG ɗin da ta haɗa don allo take lissafa shi, don haka RAW yakan ɓoye ɗan sarari a bayansa. Ɗan ƙyaftawa kaɗan a wuri mafi fari yakan dawo a gyara. Nawa ne sararin a kyamararka, kai za ka gano: ka shanya farin tawul a rana a tsakar gida, ka ɗauke shi kana ƙara kashi ɗaya cikin uku na mataki kowane hoto, sannan ka duba a kwamfuta inda zaren tawul ya ɓace.

Za ka ji ana cewa a auna da ɗigo ɗaya, wato saitin da mita ke duban ɗan ƙaramin wuri kawai. Yana da amfani wurin auna tsuntsun da ke tsaye: ka ɗora ɗigon a farin gashi, ka ƙara mataki ɗaya da rabi zuwa biyu a kan abin da ta ce, ka kulle a M. Amma barinsa a kunne kana bin tsuntsu mai tashi, ban ba ka shawara ba. Ɗigon ya zame daga fiffike zuwa ruwa, haske ya yi tsalle. A yawancin Canon ma ɗigon a tsakiya yake zaune, ba ya bin inda ka sa fokos.

Dinya ita ce jarrabawa ta gaske, domin baƙi da fari ne a jiki ɗaya: baya baƙi mai sheƙin kore, ciki fari, ga ja a fuska da baki. A rana mai ƙarfi tazarar da ke tsakanin bayanta da cikinta takan fi ƙarfin JPEG. Farin za ka kare, ka kai shi har bakin ƙonewa ba tare da ya faɗa ba, sannan ka ɗaga baƙin a gyara. In ka ji tsoro ka rage fiye da kima, baƙin zai fito da tsaki-tsaki idan ka ɗaga shi. Amma gaskiyar magana, rabin maganin dinya ba a jikin kyamara yake ba, a inda ka tsaya yake. Rana ta kasance a bayanka, tana ƙasa-ƙasa, inuwarka ta miƙe ta nuna tsuntsuwar. A nan ne sheƙin koren ke fitowa, ido ma ya samu ɗan haske. In rana ta haye tsakiyar sama, bayanta ya yi walƙiya, ƙasanta ya yi duhu, ko wane saiti ka sa hoton shaida kawai za ka samu.

Yanzu maganar asuba. Shawarwarin da ake karantawa daga Turai na cewa hasken safe yana daɗewa, gaskiya ne a wurinsu, domin da hunturu ranarsu a kwance take tafiya. Mu a nan kusan a miƙe take hawa. A Nguru cikin Janairu takan fito wajen ƙarfe bakwai saura, kafin tara ta riga ta yi ƙarfi. Cikin wannan ɗan lokaci haske yana ninkawa sau da yawa, don haka saitin da ka fara da shi ba shi za ka ƙare da shi ba. Da lensinka a 600mm, ƙofa ba ta wuce f/6.3, to ka bar ta a buɗe. Daidai fitowar rana za ka iske kanka wajen ISO 3200 da 1/500. Bayan ɗan lokaci ka koma ISO 800 da 1/1000. Abin da nake zargi ya same ka shi ne ka tsaya a ISO 400 don gudun tsaki, kyamara ta sauke sauri zuwa 1/60, hannunka ya motsa, tsuntsu ya motsa. Tsaki yana da magani. Tun 2023 manhajar gyaran hoto ta Lightroom ke da hanyar share shi mai kyau, akwai wasu manhajojin ma. Dishi-dishin motsi ba shi da magani. Ko a tsohuwar kyamara, hoto mai kaifi a ISO 3200 ya fi mai girgiza a ISO 400 nesa ba kusa ba. Kuma mafi yawan tsakin da mutane ke kuka da shi ba daga lambar ISO ba ne, daga ƙarancin haske ne: an ɗauki hoto da duhu, an zo ana ɗaga shi a kwamfuta.

Sauri kuwa ya danganta da abin da tsuntsu ke yi. Zalɓe yana iya tsayuwa ƙyam na mintuna yana dakon kifi. In ka dafa lensi a kan sandar kyamara, ko buhun yashi, ko gwiwarka, 1/250 ma ya isa, musamman in ka danna ka bar ta ta ɗauki biyar ko shida a jere, a ciki za ka samu mai kaifi. Amma lokacin da ya cilla baki cikin ruwa, 1/2000 kake bukata, kuma ba zai yi maka sallama ba. Don haka da zarar haske ya ƙaru, sauri za ka fara ƙarawa kafin ka sauke ISO. Agwagwa mai iyo 1/1000. Manyan tsuntsaye masu tashi a hankali, zalɓe, kwasakwasa, gauraka, 1/1600 zuwa 1/2000. Kirinjijiya da ƙananan agwagin da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi, 1/2500 zuwa sama. Na'urar hana girgiza da ke cikin lensi hannunka kawai take riƙewa, ba ta riƙe fiffike. In kana cikin kwalekwale, ka ninka duk abin da na faɗa na tsuntsu mai tsayuwa, kuma ka roƙi mai tuƙi ya daina tuƙi ya cusa goshin jirgin cikin ciyawa ya tsaya. Wannan kaɗai yakan ba ka fiye da abin da sabon lensi zai ba ka.

Kada ka ɓata haskenka wajen rufe ƙofa don garke duka ya fito da kaifi. A 600mm, tsuntsu na nesan mita 15, abin da ke fitowa da kaifi a f/6.3 bai kai santimita 25 ba daga gaba zuwa baya. Ko ka rufe zuwa f/11 ba zai kai rabin mita ba, ga shi ka yi asarar mataki ɗaya da kashi biyu cikin uku. Ka sa fokos a kan na gaba, sauran su bi. In haske ya wadata, f/8 ta fi, domin irin waɗannan lensuna sun fi kaifi a nan.

Hazo kuma, sai haƙuri, don lokacin da tsuntsaye suka fi taruwa a fadamun, Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacinsa. Amma ba duka sharri ba ne. Hazo mai sauƙi yana tausasa rana, ya cike inuwa, kuma shi ne haske mafi kyau ga tsuntsu mai baƙi da fari. Abin da yake ɓatawa shi ne nesa: duk mitar da ke tsakaninka da tsuntsu ƙura ce, kuma lensi mai jawowa yana jawo ta tare da tsuntsun. Hoton mita 15 zai fito, na mita 60 zai koɗe ko me ka yi. A ranar hazo za ka ga histogiram ya dunƙule a tsakiya, babu baƙi sosai babu fari sosai. Ka ƙara haske, +2/3 zuwa +1, ka tura dunƙulen dama ba tare da ya taɓa bango ba, sannan a gyara ka ja baƙin ƙasa ka dawo da ƙarfin launi. Idan ka ɗauka da duhu ka zo ƙara masa ƙarfi, tsaki ne zai fito. Launin da hazo ke shafa wa hoto, wani lokaci rawaya wani lokaci toka, a RAW gyaransa daƙiƙa biyu ne. Kuma kada ka kuskura ka cire lensi a fili ranar.

Akwai wani dishi-dishin da ba na hazo ba, ba na motsi ba. Daga wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya, iskar da ke saman yashi da ruwa marar zurfi tana fara rawa saboda zafi. Ka sa 1/4000, fokos daidai, amma gefen tsuntsu kamar ya narke. Mutane da dama sun kai lensi wurin mai gyara a kan wannan. Babu saitin da ke maganinsa. Ko ka matsa kusa, ko ka jira la'asar.

Idan rana na gabanka, ruwa ya zama azurfa, to sai ka yanke shawara. Ko ka yarda tsuntsu ya zama inuwa da gangan, ka rage -1 ko fiye, ka jira ya juya gefe yadda wuya da baki da ƙafafu za su rabu da juna. Ko ka nemi inda bayansa ya yi duhu, gaban kacalla ko inuwar bishiya, ka auna don farin layin hasken da ya zagaye gashinsa kada ya ƙone. Balbela a haka, rana na ratsa fukafukanta, tana cikin hotuna mafi kyau da ake samu a bakin ruwa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne tsaka-tsaki. Ka bar murfin inuwar lensi a jikinsa koyaushe, kuma kada ka leƙa rana ta cikin DSLR da lensi mai 600mm, ido za ta ƙona maka.

Wani zai ce ka sayi filtar CPL ta kashe ƙyallin ruwa. Ni ban ga ribarta a nan ba. Tana cin haske mataki ɗaya zuwa biyu, daidai abin da kake nema ruwa a jallo. Ta fi aiki idan kana kallon ruwa daga sama a karkace, wajen digiri 37 daga fuskar ruwan, mai ɗaukar tsuntsu kuwa kusan a kwance yake kallo. Ga ta mai faɗin milimita 95 da irin lensinka ke ɗauka ba araha ba. Ruwa madubi ne, abin da ke can gaba yake nunawa. Ka durƙusa, ko ka matsa taku biyar gefe, sai ka ga ya bar nuna farin sama ya koma nuna koren ciyawa, tsuntsun ya fito a kan launi mai duhu.

In kyamararka na da wurin adana saiti, U1 da U2 a Nikon, C1 da C2 a Canon, ka yi amfani da su tun daga gida. Na farko na tsuntsu mai tsayuwa: f/6.3, 1/500, Auto ISO da iyakar 6400. Na biyu na mai tashi: f/7.1, 1/2500, Auto ISO, +1 saboda sama. Kirinjijiya kan miƙe wuya su yi ta fito kafin su tashi, wannan ɗan lokacin ya ishe ka ka murɗa daga ɗaya zuwa ɗaya. In rana ta zauna wajen ƙarfe tara, ka bar su duka ka koma cikakken M, ka auna a jikin balbelar farko da ka gani, ka riƙa sake gwaji duk bayan kamar rubu'in sa'a.